Kwanon Baba Haladu da Dokin da Ba Ya Zuwa Kasuwa

Ranar da na sayar wa Nasiru da Bidi, abu uku na ɗora a kan cinikin. Na farko dokin kansa, wanda na sayo yana duƙushi a hannun wani makiyayi a ƙasar Gwaram, na raine shi har ya isa hawa. Na biyu sunana, domin dillalin dawaki ba shi da kanti, ba shi da allo a bakin titi. Idan dokin da ka sayar ya lalace, ba wanda zai tambayi wa ya lalata shi, cewa za a yi dokin Sabo ne. Na uku kuma gidan da dokin zai shiga, gidan marigayi Baba Haladu na Kangire, mutumin da na koyi wannan sana'a a hannunsa, mahaifin shi Nasirun. Biyun ƙarshe duk a wuyan na farkon suke rataye. In Bidi ya zauna lafiya, komai ya zauna.

Ina ba da wannan labari ne saboda ku samarin da kuke zuwa bargata ranar Asabar, kuna shafa geza kuna ɗaukar hoto da waya, kuna cewa da zarar albashi ya fara shigowa sai kun sayi doki. Kun ɗauke shi kamar babur mai numfashi, a hau ranar hutu, a jingine ranar aiki. Babur in ka ajiye shi wata guda, iyakarta batir ya mutu. Doki ba a ajiye shi. Ranar da kake ofis ko aji, shi ma yana cikin ranarsa, kuma ba ta tsayawa jiranka.

Aikin farko da Baba Haladu ya ba ni ba hawa ba ne, shara ce. Shi fataucin hatsi yake yi, a kan doki yake bin kasuwanni daga Kangire har cikin ƙasar Gwaram, jakuna na biye da kaya. Sai da na yi damina da rani ina kwashe kashi, ina kankare ƙasar da fitsari ya jiƙa da wata tsohuwar fartanya, ina zubo sabon rairayi, kafin ya bar ni na sa ƙafa a likkafa. Na taɓa yi masa ƙorafi, ya ce mai shara shi ke fara sanin doki ba shi da lafiya, tun kafin mai hawa ya sani. Gaskiyarsa. Kashin da ya bushe ya yi ƙanana, ruwa bai isa ba. Wanda ya fito da ƙwayar dawa ba a tauna ba, a duba haƙori. In ka zo da safe ka tarar babu kashi sam, ajiye tsintsiyar ka nemi taimako.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Ragama, dabaibayi, turke mai ƙarfi, komin ciyawa, bokiti, tsumma, burushi, da wata ƙugiya da maƙeri ya lanƙwasa mana ta ƙwaƙule tsakuwa da laka daga cikin kofato. Sai kuma kwano. Wani tsohon kwanon ƙarfe ne da gefensa ya lotsa, da shi ake auna wa doki dawa, cike da safe, cike da yamma, kullum bayan ya sha ruwa, ba kafin ba. Ba a hannuna kwanon yake ba, ba kuma a hannun Baba ba. Matarsa, Inna Tasalla, ita ke riƙe da shi tare da mabuɗin rumbu. Ita ke aunawa ta share bakinsa da tafin hannu, ta miƙo mini ta kan dangar. Duk shekarun da na yi a gidan ban ga ta manta ba, ban ga ta rage ba. Dokin Baba kuwa ba ka ganin tsoka mai rawa a jikinsa, domin duk abin da ya ci da safe, kafin la'asar ya bar shi a kan hanya.

Ni ma da na tsaya da ƙafata ban taɓa zama mai dawaki kaɗai ba. Rumfar hatsi gare ni a kasuwar Birnin Kudu, ita ce ke ci da gidana, dawakin a gefenta na gina su. Don haka na san abin da ake nufi da raba rana biyu. In na fito daga sallar asuba, barga nake nufa kafin in shiga gida: ruwa, shara, kofato, sannan ciyawa. Harawa a raga nake rataye ta, don ya riƙa figa kaɗan-kaɗan, kada ya cinye da hantsi ya yini yana gwaguyar turke. Cikin doki ƙarami ne, ba ya tuƙa kamar saniya, ba ya kuma iya amai, abin da ya shiga ya shiga. Da azahar in bar wa maƙwabcina rumfa in hau babur in zo in sake ruwa. Da la'asar sakaliya kuma kilisa, wato a fita da shi ya motsa jiki, ko da zagayen bayan gari ne. Na rasa ciniki da yawa saboda wannan fitar ta azahar. Akwai masu saye da ba sa jira, su wuce rumfar gaba. Na sa wannan cikin kuɗin doki tun farko, ban taɓa ƙirga shi a asara ba.

Masu sayen doki yanzu ba irin na zamanin Baba ba ne. Malaman makaranta ne, ma'aikatan asibiti, teloli, ɗalibai. Ba tafiya suke so da shi ba, suna da babur. Sha'awa ce, kuma ba na raina sha'awa, ita ke riƙe da sana'ata. Sai dai kafin mu yi maganar farashi akwai tambayar da nake yi wa kowa a lokacin: in kana wurin aiki, wa zai ba shi ruwa da tsakar rana? Da yawa a nan cinikin ke mutuwa.

Nasiru ma'aikacin jinya ne a babban asibiti. Bayan rasuwar Baba ya ɗauko Inna daga Kangire suka zauna a cikin gari. Aikinsa juyawa yake yi, wani mako safe, wani yamma, wani kwana. Ya zo bargata ya tsaya gaban Bidi ya kasa matsawa.

Na ce, "Nasiru, kai da ko ranar Juma'a ba ka san inda za ta same ka ba, me za ka yi da doki?"

Ya ce, "Yaya Sabo, tun da Baba ya rasu gidanmu ba haniniya. Inna har yanzu in ta ji ƙarar kofato a layi sai ta leƙa."

"Ruwan azahar fa?"

Ya yi dariya. "Kana tambayar wa zai kula da doki a gidan da Inna take? Ai sai dai ka tambayi wa zai kula da ni."

Gaskiyarsa. Babu hannun da na yarda da shi a kan doki kamar nata. Na je da kaina na kafa turke a inuwar darbejiyar gidan, na nuna masa inda zai karkata ƙasa don fitsari ya gangare, na bar masa ƙugiyar kofato kyauta. Watannin farko komai ya tafi daidai. In yana aikin safe ya hau da yamma, in yana na yamma ya hau da sassafe.

Sai daminar da ba ta yi wa kowa sauƙi ba. Ruwa ya yi yawa, ya shiga ɗakin da nake tara harawa, ta yi fumfuna. Harawa mai fumfuna guba ce ga doki, na fitar da ita duka na zubar, na koma bin ƙauyukan Gwaram da Yalwan Damai ina neman abin da dawakina za su ci. Shi kuma Nasiru zazzaɓin damina ya cika musu asibiti da marasa lafiya. In ya fito daga aikin kwana, barci kawai yake iya yi, wani lokacin a sake kiransa kafin ya warware. Hanyoyi duk laka. Bidi ya yi makonni a turke ba a sa masa sirdi ba. Ba yunwa, ba ƙishirwa, barga tas. Duk wanda ya shiga gidan sai ya ce tubarkalla, domin ya yi ƙiba, gashinsa na sheƙi.

Wata Asabar da hantsi ina auna gero a rumfa, wayata ta yi ƙara. Nasiru ne. Abokinsa ne ya yi aure, samari suka shirya rakiyar ango a kan dawaki zuwa Kangire, shi ma ya samu hutu ya shiga cikinsu. Da fitarsu daga gari suka saki linzami. Bidi ya wuce kowa, in ji shi, kamar zai tashi sama. Ba su yi nisa ba ya fara taƙaita taku, ya jiƙe da gumi, ya tsaya cik a gefen hanya. Ina jin hayaniyar abokansa ta cikin wayar.

Wani yana cewa, "Zuba masa bulala, taurin kai ne, ya saba da hutu!"

Wani ya ce, "Wallahi baki ne. Tun da muka fito ake yaba dokin nan."

Wani kuma, da alama dattijo ne mai wucewa, ya ce ciwon ciki ne, a ja shi ya yi ta zagaye.

Na ce, "Nasiru, taɓa cinyarsa ta baya. Yaya ka ji?"

"Kamar icce, Yaya. Kuma tana rawa."

"To sauka. Kwance majayi, sauke sirdi. Kada ka bari ya ɗaga ƙafa ko ɗaya, ko ango ne ya ce a ja shi. Ga ni nan."

Na taɓa ganin wannan ciwo sau ɗaya a zamanin Baba, a dokin wani mai kuɗi. Dokin da ya daɗe a tsaye yana cin hatsi cikakke, ranar da aka ɗora masa gudu sai naman jikinsa ya ɗaure. In ciwon ciki ne, jan doki yana taimakawa. In wannan ne, kowane taku ƙara yaga naman yake yi. Na wancan mai kuɗin jan sa aka yi har gida, bai ƙara tashi ba.

Na rufe rumfa na tafi. Na tarar 'yan rakiya sun wuce da ango, Nasiru shi kaɗai riƙe da ragama, da babbar rigarsa ta biki duk gumin doki. Wani makiyayi da gidansa ke kusa, Malam Buba, ya kawo zana da sanduna, muka kafa wa Bidi inuwa a nan inda yake tsaye. Muna cikin haka ya yi fitsari, ya fito baƙi-baƙi kamar shayin da ba madara. Ni na san alama ce ta ciwon, iyakar sanina ke nan. Nasiru ya durƙusa ya duba, fuskarsa ta sauya.

Ya ce, "Wannan na san shi a jikin mutane. Yaya, ba ƙafar ce abin tsoro ba yanzu, ƙoda ce. Ruwa yake bukata, mai yawa, kuma ba ta baki kaɗai ba."

Ya kira malamin dabbobi, ya gaya masa abin da zai taho da shi. Da malamin ya iso, Nasiru ne ya riƙe jijiyar wuya aka sa allurar, shi ya rataye ledar ruwan a jikin sandar inuwar da muka kafa, ya riƙa sauyawa har rana ta yi sanyi. Ni nawa riƙon kai ne, da shafa, da korar ƙuda, da hana masu wucewa ba da shawara da hannu. Kafin magariba fitsarin ya fara washewa. Washegari muka lallaɓa da shi taku-taku zuwa gidan Malam Buba, ya zauna can a kan ciyawa da ruwa zalla har ya iya komawa gari.

Tun a gefen hanya na tambayi Nasiru nawa yake ba shi dawa. Ya ce shi bai taɓa aunawa ba, wannan aikin Inna ne. Don haka na je gaishe ta. Na same ta a tsakar gida kusa da turken da ba kowa a kai, idonta ya faɗa. Ta ce, "Sabo, me aka yi wa dokin nan? Ni dai Allah ya sani ban gaza masa ba." Ta shiga ɗaki ta fito da shi. Kwanon nan ne, da lotsawarsa. Ashe ta taho da shi daga Kangire cikin kayanta.

Ta ce, tana nufin Baba Haladu, "Awon Malam ne. Cike da safe, cike da yamma. Kai shaida ne. Ban ƙara ba, ban rage ba."

Na karɓa na juya shi a hannuna. Ban ga laifin da zan ɗora mata ba. Awon daidai yake, dokin ne ba shi ba.

Na ce, "Inna, dokin Baba ɗan kasuwa ne, kullum yana kan hanya. Wannan kuwa albashi yake karɓa ba ya zuwa aiki."

Ta harare ni. "Kai da na sani da tsintsiya a hannu, yau kai za ka gyara awon Malam?"

"Ba zan gyara ba, Inna. Ki tuna shekarar da Baba ya yi ciwon ƙafa ya kwanta. Nawa ya ce ki riƙa ba dokin?"

Ta karɓi kwanon ta duba cikinsa. Can ta ce, "Ƙasan kwano. Har na ce masa rowa ce, ya ce in bari sai ya warke." Ta dubi turken. "To ni in ji shi yana haniniya da safe, ya ga na fito, in wuce shi hannu biyu?"

Wannan ita ce ainihin matsalar, kuma ba a warware ta da wa'azi. Na ce kwanon yana nan a hannunta, safe da yamma, kamar kullum. Sai dai kafin ta auna, ta sa hannu a ƙirjinsa da inda sirdi ke zama. In ta ji busasshen gumi, ya yi aiki, ta ba shi dawarsa. In gashi a kwance yake sumul, ta cika kwanon da kowar wake, wato ɓawonsa, da 'yar dusa a yayyafa ruwa, dawa kuma iya abin da zai rufe ƙasan kwano. Ta ce, "Wato in yaudare shi." Na ce, "Ki yaudare shi, Inna, ya daɗe."

Saura babbar magana, wa zai sa shi gumin. Nasiru ya zo mini da kansa ya ce in karɓi Bidi in sayar, aikinsa ba zai sauya ba, kuma ba zai sake tsayawa a gefen hanya irin wannan tsayuwa ba. A lissafin dillali wannan tayi ne mai daɗi. In karɓe shi da araha a matsayin mai jinya, in gyara shi, in sayar a wani gari.

A daidai lokacin kuma akwai mutum biyu da ke zarya a bargata. Malam Habibu, malamin firamare ne, yana tashi da azahar, ba ya komawa ko'ina sai bayan la'asar da yake koyarwa a Islamiyya. Sai Auwalu, ɗalibi, wanda karatunsa ke cinye masa yini amma safiyarsa tasa ce. Kowannensu na riga na ware masa doki, mun kusa shiryawa. Na zauna na dubi ranakunsu kamar yadda nake duban buhu kafin in saya. Babu ɗayansu da ke da cikakkiyar ranar doki. Malam Habibu ba shi da safiya, Auwalu ba shi da rana, Nasiru ba shi da tabbas. In na ba kowa nasa, bayan damina ɗaya zan sake jin irin waccan wayar.

Na tara su a rumfata na ce doki ɗaya ya ishe su. Auwalu ya ɓata fuska ya ce, "Alhaji, doki kuma da karo-karo kamar ƙwallo?"

Na ce, "Kai so kake a ce dokin Auwalu, ko so kake ka hau?"

Malam Habibu ya yi dariya ya ce, "Ni dai in za a bar mini Juma'a da yamma, a kira shi dokin kowa ma."

Aka shirya a kan Bidi yana gidan Nasiru, mulkin kwano na Inna. Auwalu ya zo bayan asuba ya yi shara da kofato ya ja shi zagaye. Malam Habibu ya leƙa da azahar. Nasiru ya ɗauki duk gurbin da aikinsa ya bar masa, harawa kuma a haɗa a saya. Sharaɗina ɗaya ne, lokacin doki ba ya motsi, mutane ne za su riƙa juyawa a kansa. Wanda ba zai samu zuwa ba ya faɗa tun da wuri. Mun fara da ja da hannu, sannan tafiya, sannan sassarfa. Ba a rasa saɓani ba. An yi rigima a kan wa zai hau ranar wani biki, an yi a kan sirdin da aka bari a rana. Inna ce ke raba su, kuma ba a ɗaukaka ƙara.

Tun daga nan tambayata ta sauya. Har yanzu ina tambayar ruwan azahar, amma na gane ciyarwa ba ta wuya, kowane gida akwai mai tausayi. Abin da nake tambaya yanzu shi ne, ranar Talata, ranar da ba biki, ba hoto, ka dawo a gajiye, wa zai fita da shi? In kun zo bargata ku zo da amsar wannan, kuɗin ya biyo baya.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Dawaki biyun da na ware wa Malam Habibu da Auwalu sun zauna a wuyana har rani, a shekarar da harawa ta fi kowace tsada, daga baya na sayar da su a ƙasar Gwaram ba tare da na mayar da abin da suka ci ba. Ribar sake sayar da Bidi ma na bar ta. Shi kansa bai koma yadda yake ba, ba a sakar masa linzami yanzu, dokin da na raina don gudu ya zama na kilisa. Wannan duk asara ce, kuma ban samu wani suna na kira ta da shi ba. A ɗaya gefen, mutum uku suna sayen dawa da harawa a hannuna har yau, kuma ba wanda ya taɓa nuna wani kango a Birnin Kudu ya ce nan dokin Sabo ya mutu.

Kwanakin baya na biya ta gidan da la'asar. Malam Habibu ya dawo da shi ke nan yana sauke sirdi. Inna ta fito tana dogara sanda, kwanon a ɗaya hannun. Ta jingine sandar a jikin darbejiya, ta sa tafinta a ƙirjin Bidi, ta duba hannun, ta shinshina.

Ta ce, "Yau ya je kasuwa."

Ta cika kwanon, ta share bakinsa da tafin hannu.